Wake da Tsakuwa

Litinin, 7 ga Yuni, 1999

Kowa a Ƙofar Ruwa maganar farar hula yake. Ni dai na buɗe shago, na goge kwalayen kaset. Wata uku ke nan da rasuwar yarinyarmu. Matata Uwani tana girki, tana shara, tana amsa gaisuwa. Ko ranar ba ta yi kuka ba. 'Yar fari ce, sunanta ma ba mu taɓa kira ba, daga ni har ita. Mata sai yaba mata kara suke. Ni yabon ne yake ba ni tsoro.

Alhamis, 10 ga Yuni

Na fito da tsari. Duk wanda ya ari fim, in ya ji daɗinsa ya jefa ƙwayar wake cikin ledar kaset, in bai ji ba ya jefa tsakuwa. Wake, in ɗiga jan biro a bayan kwali. Tsakuwa, baƙi. Wanda ya zo yana tambayar mai kyau, ja zan nuna masa, ba ra'ayina ba. Ra'ayina ya sha kunyata ni.

Inna Jummai dillaliya, wadda ke kai wa matan kulle kaset a Zaitawa da Madabo, ta yi dariya. "Soja sun ba ku zaɓe, kai ma ka ba mata nasu. Saura rantsarwa, ɗan nan."

Ban gaya mata Uwani nake nemar wa abin kallo ba.

Asabar, 19 ga Yuni

Na barkwanci ne kan gaba. Akwai wanda ja ya cika bayansa har na koma gefe. Na kai gida. Ta kalla saboda ni na kawo, hannunta a cinya. Da ya ƙare ta ce, "An gode." Ta tashi ɗaura sanwa.

Talata, 29 ga Yuni

Na uku. Haka dai.

Lahadi, 4 ga Yuli

Ruwa tun safe, ba ciniki. Na zauna gyaran kanta.

Kaset mai koren kwali ya fi kowanne baƙi. Tsakuwa kan tsakuwa, wani ma dutsen guga ya aiko don tsokana. Labarin mace ce da ɗanta ya mutu, babu rawa babu waƙa. Na yi niyyar in naɗi wani fim a kansa. Amma akwai ja 'yan kaɗan, kuma zaren ya sha jiki. Na sa a bidiyo: wuri ɗaya hoton ke rawa, inda uwar ke ninke kayan yaron. An yi ta mayar da shi baya a wurin. Na kashe. Fim ɗin da mutane ba sa so, wa ke cinye shi haka?

Juma'a, 9 ga Yuli

Na tambayi Inna Jummai masu waken. Ta lissafo gidajen. Gidan malamin Madabo. Gidan masu rini. Matar tela ta bayan masallaci, ita har sau nawa. Duk na san su, duk na je musu ta'aziyyar yaro.

Ta ce, "Ba ni nake zaɓa musu ba, su ke aika wa junansu. Wadda ta gama ta ce in kai wa wance." Ta gyara mayafi. "An daɗe da cewa in kai gidanka, Isiyaku. Na ce mai shagon ne, sai ya yarda."

Na ce zan duba.

Ashe yawa nake ƙirgawa, ban duba ko su wa ba. Waɗanda suka ba barkwanci wake 'ya'yansu na tsakar gida suna wasa.

Talata, 13 ga Yuli

Idan ya ƙara mata ciwo fa? Me zan ce wa mahaifiyarta? Na sa shi a aljihu, na fito da shi, na mayar kanta. Da la'asar na sake ɗauka. Na kai gida. Na mayar da zaren farko, na ajiye shi kan bidiyo kamar mantuwa.

Laraba, 14 ga Yuli

Yana nan yadda na bar shi.

Asabar, 17 ga Yuli

Ya matsa. Zaren ya kai wajen rabi, na san wurin. Idonta a kumbure. Miyar babu gishiri, na cinye haka nan.

Lahadi, 18 ga Yuli

Da safe ta miƙo min ledar, ba ta dube ni ba. "Malam, a kai wa Ladi ta gidan Alhaji Ilu. Nata yaron bai yi arba'in da rasuwa ba."

A shago na zazzage. Wake biyu. Na daɗe ina tunanin ko kuskure ne, tsarin ɗaya ne ga kowa. Ko ta san na kalla ranar Litinin bayan na ja ƙofar shago? Ban sani ba. Na ɗiga ja biyu dai.

Akwatin kayan yarinyar yana buɗe da na dawo, tana ninkewa. Na tsaya bakin ƙofa. Ta ɗago wata 'yar shuɗiyar riga, ta ce ko na tuna. Na ce ta sallar bara ce.

Ta Sa'ida.

Gobe sai na nemo jan biro, wannan ya kusa ƙarewa.