Jan Rini A Farar Rigar Oga

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, ina gaishe ku manya da ƙanana. Admin, don girman Allah ki ɓoye sunana. Ni ban yi karatu ba, ban iya rubutun waya ba, maƙwabciyata ce Malama Ladi take rubuta abin da nake faɗa, ita ce ta ce mini akwai guruf ɗin da ake kawo damuwa a samu mafita. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai na gaji. Idan kuka ga magana ta yanke, kuka ne ya ci ƙarfina, ku yi mini haƙuri.

Ina cikin takaba, yau kwana ashirin da huɗu da rasuwar maigidana. Zan kira shi Malam, don haka kowa yake kiransa. Malam mai wanki da guga ne, shi ne aikinsa tun da muka zo Abuja. Mun taso daga ƙauyenmu can arewa lokacin da gwamnati take kwaso ma'aikata daga Legas tana zuba su a kwatas, gari duk jar ƙasa da motocin gini, mutum ya sa farin kaya da safe kafin azahar ya koma ja. Malam ya fara da leburanci, bayansa ya ƙi, sai ya sayi bokiti biyu da dutsen guga na gawayi ya shiga bin kwatas yana tambaya ko akwai wanki. Mutum na farko da ya ba shi kaya wani akawu ne ɗan Ilorin, shi ne muke ce wa Oga har yau, duk da ya yi ritaya ya tsufa kamar mu. An yi mana rusau a 'yar bacar katako da kwano da muka fara zama, muka koma wajen Idu, can ma aka sake rushewa, muka gangaro bayan Gwagwalada muka kama ɗaki a gidan su Malama Ladi, su ne 'yan asalin wurin. Duk wannan yawon Oga bai sake mai wanki ba, ya ce duk inda Malam ya koma kayansa za su bi shi. Da injin wanki ya shigo gari gidaje suka yi ta janyewa, aka bar Malam da gida uku, na Oga yana ciki.

Yadda muke aikin shi ne, Malam yana ɗaukar kaya ya tafi rafi, can yake wankewa, can yake shanyawa a kan ciyawa, ya dawo da su a bushe. Ni nawa sitati da guga da ninki. Farin kaya kuwa ko taɓawa ba na yi sai ya bushe, ya ce fari ba ya son hannu biyu. Da yake shi ma bai yi karatu ba, sai ya ba kowane gida kalarsa. Yana karɓo guntayen rinannen ƙyalle wajen tela, ya ɗaure ɗan siriri a cikin kowace riga inda ido ba ya gani, gidan wane kore, gidan wane shuɗi, gidan Oga ja. Kaya suna zuwa da ƙyallensu, suna dawo mini guga da ƙyallensu, ni a zatona da shi ake wankewa. Idan na kai masa abinci rafi da rana nakan tarar da shi tsugune, ƙyallaye sun leƙo daga bakin hularsa, ja da kore suna lilo a kunnensa. Shekara da shekaru ina yi masa tsiya, in ce Malam yau ma an fito tallan maganin gargajiya ne. Shi kuma ya ce ke dai ajiye tuwon ki koma ga gugarki, mai ƙona hannun riga. Sau ɗaya tak na taɓa ƙona hannun riga, tun ina amarya, amma har ya bar duniya bai bar ni na huta ba. Ban taɓa tambayarsa abin da ƙyallayen suke yi a hularsa ba, na ɗauka na ajiya ne.

Wata ranar Talata Oga ya aiko da babbar rigarsa, farar shadda ce mai aikin hannu, zaren aikin siliki ne mai ruwan madara. Matarsa ce ta ɗinka masa ita shekarar da suka taso daga Legas, ita ma ta rasu tuntuni, ba ya sa rigar sai da babban dalili. Malam ya karɓa ya ɗaure mata jan ƙyalle a cikin aljihun ƙirji, ya sa a kwando ya ce sai gobe. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, muka kai shi asibiti, ranar Asabar Allah ya karɓi abinsa. Rigar tana cikin kwando yadda ya ajiye ta.

Ga inda laifina ya fara. Ranar sadakar uku Oga ya zo da sandarsa, ya zauna a tabarma cikin maza, ina daga bayan labule ina jin sa. Ya ce wa mutane shekara sama da talatin Malam yana yi masa wanki, ko maɓalli ɗaya bai taɓa ɓata ba, ko ɗigon tabo bai taɓa gani ba, ya ce a ofishinsu har tambayarsa ake yi wa yake yi masa fari haka. Da mutane suka rage sai ya matso bakin labule ya yi mini ta'aziyya, ya ce da Hausarsa, Mama ki yi haƙuri, ba lokacin tambaya ba ne, amma rigana fa, Malam ya samu ya wanke shi? Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce ya wanke ta, guga ce ta rage ba. Ban so a ce Malam ya tafi ya bar aiki a kwando, mutumin da bai taɓa kwana da kayan wani ya wuce ranar da ya faɗa ba. Kuma da labule tsakaninmu, Oga bai ga fuskata ba. Sai na ji tsohon nan yana kuka, ya ce ashe rigarsa ce aikin Malam na ƙarshe. Ya ce 'ya'yansa za su mayar da shi gida Ilorin gaba ɗaya, zai zo Juma'ar ƙarshe kafin tafiya ya karɓa da hannunsa, da ita zai bar Abuja kamar yadda ya shigo da ita, kuma ba zai ƙara bari kowa ya wanke ta ba. Juma'ar nan ita ce wannan mai zuwa.

Na yi sati biyu ban iya buɗe kwandon ba, don hularsa tana kai. Ranar Alhamis da ta wuce na daure, na ce bari in yi abin da na faɗa ya zama gaskiya, ai na ga wanki iya gani. Takaba ba ta bar ni zuwa rafi ba, sai na tafasa ruwa a tsakar gida, na zuba garin sabulu da ɗan kanwa, na jiƙa rigar da hantsi da niyyar in cire kafin azahar. Sai ga mata 'yan gaisuwa daga garinmu, aka zauna aka yi ta kuka da addu'a, ban tuna da bokiti ba sai bayan la'asar. Da na ɗaga rigar, ruwan ƙasan bokiti ya koma kamar zoɓo. Ja ya fito daga cikin aljihu ya bi aikin ƙirji, faɗinsa ya kai tafin hannuna biyu, ga wasu ɗigo a kafaɗa inda rigar ta naɗe. Na zura hannu aljihu na ciro ƙyallen yana ɗiga. A nan tsugune na gane abin da ban gane ba shekara talatin, ashe Malam kwance ƙyallen yake yi kafin kaya su taɓa ruwa, ya maƙale a hula, in sun bushe ya mayar. Ƙyallayen nan ba su taɓa shan ruwa ba, shi ya sa rininsu yake nan ɗanye. Abin da nake yi masa dariya a kai shi ne aikin gaba ɗaya. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Bari in faɗa muku abin da na riga na gwada, kada ku wahalar da kanku. Nan take na ɗauraye da ruwan sanyi har bokiti shida, ya rage kaɗan. Na jiƙa da gishiri, ban ga wani canji ba. Na matse lemon tsami a wurin na bar shi ya jima, ɗigon kafaɗa ya tafi, na ƙirji ya sauko daga ja ya koma ruwan hoda. Na goga sabulun salo a hankali da yatsa, na ji zaren aikin yana neman tashi sai na bari. Malama Ladi ta samo nono wajen Fulani muka jiƙa wurin, yadin ya ɗan yi haske amma zaren ya riƙe kalar, shi ne ya fi shan rinin. Ban shanya a rana ba, ban kuma kai dutsen guga kusa da ita ba, wannan kam na sani, zafi yana zaunar da tabo. Yanzu tana cikin ɗaki a jiƙe na lulluɓe da farin zane, kullum ina sake ɗauraye ta don kada ta yi wari, kuma ina tsoron damshin ya sa mata baƙin ɗigo. Hannuwana duk sun tsage, bayana ba ya miƙewa, abinci ma sai Malama Ladi ta tsaya a kaina.

Ɗana na fari, direba ne a wani sito a Idu, ya zo ranar Asabar ya gani. Shi da farko bilic ya ce a zuba a huta. Na ce masa ubansa bai taɓa kai bilic kusa da siliki ba, yana cinye zare ya mayar da shi rawaya, in aikin ya mutu rigar ta mutu. Sai ya ce to Inna ki goge ta haka ki ninke, kada ki ce komai, Oga zai ɗauka Baba ne ya yi cikin zazzaɓi, kuma ba zai buɗe baki a kan wanda ya rasu ba, ke kuma ki fita kunya. Na san tausayina yake ji, amma raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa ba, na ce ubansa bai bar masa gida ba bai bar masa fili ba, wannan sunan kaɗai ya bari, shi ne zai ce in shafa masa ja. Ya ce ai ba shi ya ce in yi ƙarya a bayan labule ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Ya tafi bai ci abinci ba, jiya ya kira ya ba ni haƙuri, amma bai sake ra'ayi ba.

Malama Ladi kuma, ga ta nan tana rubutawa tana harara ta, ita cewa take in bari ta kai rigar wajen masu wankin inji a cikin gari, wai suna da wani magani na cire rini. Na ce in sun lalata fa, kuma su ne suka kwashe wa Malam gidaje, yanzu in ɗauki aikinsa na ƙarshe in kai musu. Ta ce Mama wannan fushi ne ba dalili ba. Ta kuma ce ko tabon ya fita ko bai fita ba in faɗa wa Oga gaskiya, don ta ga yadda nake ramewa. To nan ne na rasa yadda zan yi. In tabon ya fita na yi shiru, tsohon nan zai tafi Ilorin yana rungume da riga yana cewa hannun Malam ne, alhali hannuna ne, kuma ni zan tashi da wannan gaban Allah. In na faɗa, na ƙwace masa abin da ya yi kuka a kai, na ɓata rigar matarsa, na kuma nuna masa matar Malam maƙaryaciya ce. In bai fita ba na yi shiru, to Malam ne ya ɓata, a wankinsa na ƙarshe, bayan shekara talatin babu tabo. Wannan kam ba zan iya ba, ko ɗana zai daina gaishe ni.

Don haka abu biyu nake roƙo. Masu wanki da masu rini da ke cikinku, me ke cire jan rini daga zaren siliki ba tare da ya ci zaren ba, kuma maganin masu injin nan gaskiya ne, wani ya taɓa gwadawa a kan aikin hannu? Na biyu kuma, iyayena mata da malamai, ku faɗa mini kalmar da zan fara da ita ranar Juma'a. Zai zo bayan masallaci, zai tsaya a bakin labulen nan ya ce Mama ina rigana, kuma wannan karon sai na miƙa masa da hannuna. Kwana huɗu suka rage. Jan ƙyallen na busar da shi, na mayar cikin hular Malam inda ya kamata in sa shi tun farko. Ku yi masa addu'a, ni kuma ku faɗa mini abin da zan ce.