Keken Burjin Hedimasta

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya hannun naka, rawar ta ragu? Yaya Inna da ƙafarta? Ni dai lafiya lau, sai baƙin mai da ya ƙi fita daga farcena.

Baba, saura sati uku wata ukun gwajina a shagon keken nan ya cika. Maigidan shago ya ce ƙarshen wata zai faɗa mini ko in zauna ko in kama gabana. Tun da na zo aikina faci da wanke sarƙa. Babban makanikinmu, wani Dogo, kullum cewa yake wurin mace kanta ne, ta riƙa yi wa masu saye murmushi. Wallahi ran nan saura kaɗan in jefe shi da feda, sai na tuna tarbiyyarka.

To ran Talata wani tsohon hedimasta ya shigo, shekara sittin da bakwai, wai zai bi ƙungiyar mahaya keke tafiyar kwana huɗu a daji, suna kwana a tanti. Dogo ya ga tsoho mai yawan tambaya ya zille, Maigida ya ce in ji da shi tun daga zaɓen keke har ɗaurin kaya. Na san jarrabawata ke nan.

Irin keken ba ka taɓa gyara shi ba. Keken burji ake ce masa. Kansa lanƙwasasshe ne kamar na tsere, amma tayarsa ta kai faɗin yatsa biyu da rabi, kuma babu tif a ciki, wani farin ruwa ake zubawa mai toshe huda da kansa. Na san za ka ce ƙarya ce. Hedimasta ya liƙe wa wani ja mai sheƙi wanda ya fi ƙarfin tsawonsa. Na sa ya hau, na nuna masa yadda yake miƙa hannu kamar mai rarrafe, ga shi wuyan hannunsa na dama yana ciwo. Na zaɓa masa na ƙarfe, ƙarami, mai giya mai sauƙi don hawan tudu, wanda ko ya tsage a ƙauye mai walda zai ɗinke shi. Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya ɗauka.

Kayan da ya kawo kuwa abin dariya ne. Har da filo da rediyo da butar ƙarfe da littattafai uku. Na ce masa ba ƙaura zai yi ba. Mun daidaita a kan littafi ɗaya. Kaya masu nauyi, wato ruwa da abinci da kayan gyara, na sa su a jakar da ke tsakiyar keken, tanti a gaba, tufafi a ƙarƙashin sirdi. Gobe zai fita gwaji. Na cika masa taya irin cikawarka, na ɗana mata yatsa ta ce ƙwal. Ka sa ni a addu'a.

Ka gaida Inna da Yaya.

'Yarka,
Sifana

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kowa lafiya, kuma Inna ta daina tsallake maganinta.

Baba, na sha kunya. Hedimasta ya dawo daga gwaji da gwiwa a kurje, wando a yage, hannunsa ya mutu har ba ya iya riƙe kofi. Ya ce keken tsalle yake ta yi a kan tsakuwa kamar ɗan akuya, da ya zo kwana sai tayar gaba ta zame. Dogo ya matsa tayar da babban yatsa, ya fashe da dariya a gaban mutane, ya tambaye ni ko buhun siminti za a ɗora. Maigida ya juya ya ci gaba da aikinsa, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Na shiga bayan shago na yi kukana, ba zan ɓoye maka ba.

Laifin cikawar nan tamu ce. Kai ka koya mini tun ina share rumfarka cewa taya mai laushi aikin malalaci ne, kuma gaskiyarka a kan kwalta da kaya a kariyar bayan keke. A burji kuwa abin ya sha bamban. Ban yarda da bakin Dogo ba, don ko rana ya ce ta fito sai na leƙa. Ran Lahadi da safe na ɗaura wa keken kayan Hedimasta duka, na tafi hanyar gargada da ke bayan ma'aikatar bulo. Sau bakwai na bi wuri ɗaya, kowane zuwa ina rage iska kaɗan. A na biyar keken ya kwanta wa hanya, tayar tana rungumar dutse maimakon ta yi karo da shi, hannuna ya daina girgiza. A na bakwai na ji wili ya bugi dutse, na san na wuce iyaka. Na koma na biyar, na auna iskar, na rubuta lambar da fenti a jikin famfon Hedimasta, ta gaba daban ta baya daban.

Sannan na je gidansa na ba shi haƙuri. Na ce kuskurena ne, in yana so a ba Dogo aikin. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce shekara talatin da biyar yana koyarwa bai taɓa korar ɗalibin da ya kawo gyaran aikinsa da kansa ba. Na ƙara naɗa wa kan keken roba mai laushi ninki biyu saboda hannun, na ɗaga kan kaɗan. Ran Alhamis za su tashi, ran Litinin kuma Maigida zai yi magana.

Kada ka ji haushi don na saɓa wa koyarwarka. Ka rubuto, ko faɗa ne ina so.

Taka,
Sifana

Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kai da Inna kuna lafiya. Takardarka ta iso. Shafi guda cur kana faɗa a kan taya, har da cewa zamani ya lalace, amma a ƙasa da ƙananan baƙaƙe ka tambayi lambar da na rubuta a famfo. Na gan ka, Baba!

Su Hedimasta sun dawo jiya da la'asar. Mutum tara suka tafi, Hedimasta ne babbansu, kuma bai sauka ya tura ba sai a tudu ɗaya. Bai ma biya gida ba, shago ya zo kai tsaye, ya wuce Dogo ya jingina keken a inda nake aiki. Hannunsa lafiya, ƙaya ta huda tayar sau biyu ruwan nan ya toshe. Littafin ko buɗe shi bai yi ba, barci ya riƙa kwashe shi.

Ga abin da nake so ka ji. A cikin kekuna taran, uku wilinsu ya karkace a hanya, har da wanda Dogo ya haɗa. Na Hedimasta ko gezau. Ban gaya maka ba, kafin su tafi na zauna na bi wayoyin wilin ɗaya bayan ɗaya, ina ɗanawa ina saurare ina ɗaurewa, har duka suka yi murya ɗaya, yadda kake yi. Shagon nan da na'ura suke yi, babu mai yi da kunne. Yau da safe mutum biyu daga ƙungiyar suka kawo nasu, suka ce yarinyar nan suke nema. Dogo ya zo ya tsaya a kaina yana kallo, wai yana neman sukudireba.

Maigida ba mai dogon zance ba ne. Ya ajiye mini mabuɗin shago a kan benci, ya ce daga gobe ni zan riƙa buɗewa, kuma duk keken burjin da ya shigo nawa ne. Na ce to, na gode, kamar ba komai ba. Na ɗauki mabuɗin na sa a aljihu.

Baba, akwai maganar da na daɗe da ita. Ranar da ka rufe rumfa saboda hannunka, ina bayan ƙofa na ji ka ce wa Inna sana'a ta mutu a gidan nan tunda Yaya ya ƙi ta. Ko sunana ba ka kawo ba. Shekara shida maganar nan tana cina, ita ce ta kawo ni nan. Ban riƙe ka ba, amma ina so ka kira Inna ka janye ta a gabanta. Sana'arka ba ta mutu ba, Baba. Gobe ƙarfe bakwai zan buɗe mata ƙofa.

Ka gaida kowa da kowa. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya bar mana kai.

'Yarka makanikiya,
Sifana