Goggon Birin Bakin Rafi

Litinin, 3 ga Yuni
Na gan ta yau a rafin bayan gona, ina cikin wanki. Goggon biri, baƙa ƙirin, zaune kan kututture da wani abu a hannu. Ba ni take kallo ba, 'yata take kallo, da na kwantar a kan zane. Ko ɗauraye kayan ban yi ba, na suri yarinya na gudo.

Laraba, 5 ga Yuni
Maigida dariya ya yi min, wai wata biyu da tarewa bakin kurmi har na fara gane-gane. Maƙwabciyata ba ta yi dariya ba. Ta ce abin hannun nan ɗanta ne, ya mutu tun da aka sare itatuwan tudu, ta ƙi yarwa. Ta ce irinsu kan ɗauke jariri.

Asabar, 8 ga Yuni
Ban sauke goyo ba yau. Ko banɗaki da ita nake shiga.

Talata, 11 ga Yuni
Goggon birin ta zo har bayan madafi. Ina hura wuta na ji wari, na ɗago kai, ga ta. Gawar ta bushe kamar tsumma, tana ta kore mata ƙuda. Yarinya ta tsala kuka a bayana, sai goggon birin ta miƙe tsaye. Ta matso taku biyu, ta tsaya, sannan ta juya cikin ciyawa. Fitsari na yi a tsaye. Wannan kam ba wanda zai ji.

Laraba, 12 ga Yuni
Dariya ta ƙare. Maigida ya aro bindiga wurin wani maharbi. Gara haka.

Juma'a, 14 ga Yuni
Da hantsi na hango ta gindin ayaba, tana ƙoƙarin sa wa gawar nono a baki. Na daɗe ina kallo kafin ta wuce. Maigida ya fito da bindiga, ya ce, "Ina ta bi?" Na nuna masa hanyar tudu.

Rafi ta bi.

Ban san abin da ya hau kaina ba. Ƙarya nake, na san dalili. Ɗana na fari da ya rasu, sai da mata uku suka ɓamɓare shi daga hannuna.

Wallahi har yanzu tsoronta nake ji. Na ƙara ɗaure goyo, na sa wa ƙofa sakata. Ina zaune ina roƙon Allah ya dawo min da mijina bai harba komai ba.