Tiyon Hita

Kafanchan,
9 ga Satumba.

Matata Caroline,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Baba da Mama da dukan mutanen Fadan Kagoma?

Tunda kin daina ɗaga wayata, na koma biro da takarda kamar ɗan firamare. Ƙanwata Afiniki ce za ta kawo miki. Ita ta gaya mini ba kya cin abinci, ga shi kwana ashirin ke nan da muka binne ɗanmu Kambai. Ta ce maganarki ɗaya ce kullum, wai ke kika kashe shi, don kin manta bargonsa a gadon asibiti ranar da aka tura mu Jos. Caro, ki bar faɗin haka. Jariri bakwaini, an ce kwalbar da za a sa shi ba ta aiki, kowa na cewa mu yi sauri, wa zai tuna da bargo? Ni ma da hannuna biyu nake tsaye a wurin, ban ɗauka ba.

Ina zuwa gareji dai. Jiya wani ya kawo mota yana kumfar baki, wai an sace masa gas ɗin AC. Na fara yi masa bayani yadda na saba. Kwampireso ne ke matse gas har ya yi zafi, ya tura shi gaban mota inda iska ke kwashe zafin ya koma ruwa. Daga nan ya kutsa ta wata 'yar ƙofa, ya faɗa cikin ƙaramin lagireto a bayan dashbod ya yi sanyi ƙarara, fanka ta huro sanyin cikin mota. Kin sha yi mini tsiya cewa ko a coci aka ba ni makirfo, wa'azin kwampireso zan yi. To jiya a tsakiyar wa'azin na bar shi tsaye. Na shiga bayan shago na zauna har mutumin ya gaji ya tafi.

Akwai maganar da nake so in faɗa miki, hannuna ya ƙi rubuta ta yau. Don Allah ko kunu ne ki sha.

Mijinki,
Levi.

Kafanchan,
17 ga Satumba.

Caroline,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Mama. Ubangiji ya ba ki sauƙi. Afiniki ta dawo ta ce kin karanta takardata kin juya fuska bango, kuma yanzu sai an riƙe ki kike fita tsakar gida. Saboda haka zan faɗa, ko me zai biyo baya.

Kin tuna a watan Mayu kin ce kafet ɗin motarmu yana jiƙewa ta wajen ƙafarki, yana wani wari mai zaƙi-zaƙi? Hita ce ke yoyo. Hita ba wani abin mamaki ba ce. Ruwan da ke sanyaya inji yakan ɗauki zafi, sai tiyo ɗaya ya kai shi wani ƙaramin lagireto a bayan dashbod, wani tiyon ya mayar da shi. Idan aka murɗa maɓalli zuwa ja, wani murfi ya buɗe, fanka ta hura iska ta cikinsa, ɗumi ya cika mota. Zafin da inji ke zubarwa a banza ne, ko kwabo ba ya ci.

Gyaran yoyon sai an kwance dashbod gaba ɗaya. Na ji ƙyuya. Na yi abin da kowane makanike a layinmu yake yi: na yanke tiyon biyu na haɗa su da juna, ruwan ya riƙa zagayawa ba tare da ya shiga ciki ba. Minti goma na gama. Har dariya na yi, na ce wa ke neman hita a Nijeriya, mu da muke kuka da zafi.

Ranar nan, muna wuce Manchok muka fara hawan dutse, ruwa ya tsuge. Kin san sanyin hanyar Jos a watan Agusta. Kina baya da Kambai a ƙirjinki cikin zani ɗaya, kika ce in kunna hita, ƙafafunsa sun yi sanyi. Na murɗa maɓallin zuwa ja, alhali na san babu abin da zai fito. Na daki dashbod a gabanki, na ce ban san abin da ya same ta ba, jiya ma tana aiki. Ƙarya na yi miki, Caro.

Bai tsaya nan ba. Numfashinmu ya rufe gilashi da hazo, ko bonet ba na gani, ga tireloli suna gangarowa. AC yana tsotse laimar iska, shi ke wanke gilashi. A mota mai lafiya, iskar takan bushe a wajen sanyi, ta bi ta hita ta ɗumama kafin ta fito. Tamu babu inda za ta ɗumama. Na kunna AC, na yi ƙasa da fanka don kada ki ji. Sama da awa ɗaya ina hura wa ɗana sanyi da hannuna.

Da nas ɗin Jos ta ce sanyi ya riga ya shige shi, kika fasa ihu kina kiran bargo. Ina tsaye a gefenki na yi shiru, na bar ki da kayan. Da hitar nan na aiki, ko tsirara yake ba zai ji sanyi ba. Tsoro ne ya hana ni magana, tsoron ki dube ni yadda nake duban kaina. Ban gaya wa Fasto ba, ban gaya wa kowa ba. Ke ce ta farko.

Ni ne,
Levi.

Kafanchan,
26 ga Satumba.

Caroline,

Barka da war haka. Ina fata kin tashi lafiya, da su Baba da Mama.

Ranar Litinin na kwance dashbod ɗin, na sa sabuwar hita, na mayar da tiyo biyun wurinsu. Awa huɗu aikin ya ci. Na duba agogo sau biyu don ban yarda ba. Awa huɗu.

Afiniki ta iso ɗazu da saƙo biyu. Ta ce ranar da kika karanta wasiƙata kin yi kuka har maƙwabta suka shigo, washegari kika nemi tuwon masara da miyar karkashi, kika cinye. Ta ce ranar Lahadi da ƙafarki kika je sujada, kuma ba ki ƙara ambaton bargo ba. Na durƙusa a nan cikin gareji na gode wa Ubangiji.

Sannan ta ce kin ce a kawo miki akwatinki da keken ɗinkinki, kuma kada in zo da kaina.

Na ɗaure su da kyau, na naɗe kan keken da buhu saboda ruwa. Gobe da safe za su taho a motar kasuwa. Na so in roƙe ki, na rasa bakin da zan yi roƙon da shi. Ina ƙaunarki, kuma na san abin da na saya da gaskiyar nan. Da za a mayar da ni makon jiya, zan sake rubuta wasiƙar nan.

Ki ci gaba da cin abinci.

Levi.