Lambar Jirgin Marigayi Jatau

Gummi, Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yaya Halimatussa'adiyya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, can Maraɗi. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana dogara sanda zuwa maƙwabta. Ladidi kuma ta yaye Amira.

Bayan haka, na san labari ya iso miki a karkace, shi ya sa na zauna da kaina in rubuto. Da farko ki kwantar da hankalinki: ɗanki Mu'awiya yana nan da ransa, ko ƙwarzane babu. Yanzun nan ya tashi daga gabana da kwanon tuwo.

Kin san bana ƙungiyar masunta ta ce kowane jirgi sai an sake yi masa rajista, an rubuta lamba da fenti a goshinsa. Ranar rabo kowa lamba bakwai yake so, wai ita ke kiran kifi. Hammadu, abokin sana'ata, ya kwana biyu yana bin shugaban ƙungiya har ya same ta. Ni da na fara da aron komar kamun kifi, yau ga ni da jirage uku na gumina, ba zan je ina roƙon lamba ba. Na ce su ba ni duk wadda ta zo. Sai sabon jirgina mai inji ya faɗa kan arba'in da ɗaya, wadda aka taɓa rubutawa a jirgin marigayi Jatau, wanda gulbi ya ci bara waccan.

Nan take yaran jirgi suka watse mini. Sarkin Ruwa ya ba ni shawara in nemi canji, Inna ma ta saka baki. Na ce lamba ba ta tuƙi, ba ta ɗebe ruwa, ajali kuma na Allah ne. Mu'awiya kaɗai ya ce ba zai bar kawunsa ya ji kunya a bakin gulbi ba, ya karɓi tuƙin.

Ranar Talatar da ta wuce ya haura da masunta biyu da ya lallaso. Bayan azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta taso, gulbi ya cika ya batse. Jirage suka dinga dawowa ɗai-ɗai, wasu sun rasa taru, na Hammadu mai bakwai ma jawo shi aka yi, rabinsa ruwa. Namu shiru, waya ba ta shiga. Ina tsaye a mashaya, kowa ya dube ni sai ya sunkuyar da kai. Inna ta aiko a tambaye ni abin da zan faɗa miki.

Gab da magariba sai muka ji ƙarar inji, ga su tsaf, har da tarwaɗa cike da kwando. Ashe tun ranar da ya hau jirgin nan, tsoron lambar bai bar shi ba. Ba ya lodi fiye da kima, ba ya fita sai kowa ya sa rigar ceto, ga igiya ta biyu a ajiye. Da ya hango hadari tun yana ɗan tafin hannu, bai jira ba, ya ja gefe ya ɗaure a gindin wata bishiyar giyayya, abokansa na yi masa dariya, har iska ta wuce. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Yanzu zance ya juya. Wai lambar ta riga ta ci ta ƙoshi, ba ta ƙara taɓa kowa. Jiya Hammadu ya zo har zaure yana neman mu yi musaya da bakwai ɗinsa. Na ce ya gaida gida.

Mu'awiya har yau in zai shiga sai ya kau da ido daga goshin jirgin. Na yi niyyar yi masa wa'azi, sai na fasa. Wannan tsoron ne ya maido miki da ɗanki, ba zan cire masa shi ba.

Ki gaida Malam Abdulmajid, da Nusaiba, da Tasi'u. Inna ta ce a faɗa miki kifin busasshe yana tafe da direban da ya kawo takardar nan.

Ƙanenki da ke yi miki addu'a kullum,
Magaji.