Dalmar Taru a Keken Saƙarki

Assalamu alaikum Kulu. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina so in ba ki labarin autarki Saratu, da wani laifi nawa da na kusa ɗora mata.

Ta zo hutu daga jami'a da aikinta na shekarar ƙarshe. Wani zare ne ta kawo, toka-toka, an murɗa shi da siraran zaren ƙarfe, wutar batir tana bi ta cikinsa. So take ta saƙa ɗamara da shi. Idan aka ɗaura a ƙirji, mutum ya ja numfashi, saƙar za ta miƙe, wutar ta canza, lamba ta motsa a 'yar mita. Ta ce wata rana za a iya lura da numfashin jariri da irinta a asibitin ƙauye.

Ta sauko da keken saƙarki daga kan kabad, wanda kika yi shekaru kina saƙa wa jariran Yelwa huluna da safa da shi. Ta goge, ta sa mai. Kwana huɗu tana fama. Zaren nan ba ya da laushin ulu, sai ya tsinke ko ya zame daga allurai. Abin da ya saƙu kuwa, wani wuri a matse, wani wuri sako-sako, lambar mita tana ta tsalle kamar kifin da aka fid da daga ruwa.

Kin san bakina. Na zauna a kan tabarma na ce mata ni ma na karanta ilimin saƙa har ƙasar waje, na gyara injinan da suka fi gidan nan girma a Kaduna, aka rufe masaƙar aka sallame mu kamar ba a taɓa saninmu ba. Na ce a ƙasar nan mai ilimi shi ne wawa. Da hantsi na ga ta naɗe zaren ta tura ƙasan akwati, ta ce wa yayarta ba za ta koma jami'a ba, tunda wanda ya fi ta sani ya ce aikin banza ne.

Kulu, kunya ta kama ni. Na daɗe ina zagin ƙasa, ban taɓa ganin zagin ya sauka a kan 'yata ba sai ranar.

Na zauna gaban keken ina kallonsa, sai na tuna ki. Ƙarafan da ake rataya wa saƙa su ja ta ƙasa sun ɓace tun zamaninki. Ke kuwa kika je bakin ruwa wurin Sarkawa, kika karɓo dalmar da suke ɗaura wa taru, kika jera ƙanana a bakin saƙar daga wannan gefe zuwa wancan. Na yi miki dariya lokacin, ni mai takarda. Kika ce, "Malam, zare ba ya son a ja shi da ƙarfi, so yake a ja shi daidai."

Na samo ƙananan dalmar nan a tsohon gwangwanin madara cikin kayanki. Na jera su yadda kike yi, na haɗa zaren da siririn ulu ya rage masa taurin kai, na kira Saratu ta tura keken a hankali. Bai tsinke ba.

Da ɗamarar ta saƙu, a ƙirjina aka gwada. Na ja numfashi, lamba ta tafi. Na sauke, ta dawo inda take. Muka yi ta yi har tari ya sarƙe ni, tana dariya tana cewa kar in ɓata mata lissafi.

Ban canza ra'ayina a kan ƙasar nan ba, kada ki ɗauka na shiryu. Amma na faɗa mata a gaban yayarta cewa maganata ba ta shafe ta ba, kuma ba ni na gyara aikin ba, uwarta ce. Jiya na raka ta tasha. Ta tafi da keken, na ba ta shi har abada. Kan kabad ya zama wayam, kuma raina fes.

Ban taɓa yaba aikinki kina ji ba. Ki yafe mini wannan.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yi wa Saratu albarka, Ya ba ta hannunki, Ya tsare ta daga bakina.

Mijinki,
Malam Garba, Yelwa