Sunan Yaya Lawali Ya Shiga Littafi

Bukoki, Yamai

Zuwa ga yayata Zahra'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mai gidanki Malam Mansur da yara, ya kuma sauƙaƙa miki ciwon ƙafar nan da damshin Abijan ke tayar miki. Mu nan lafiya lau, sai zafin Yamai da kin san halinsa. Inna ta ji sauƙin idonta, har ta koma zaman ƙofar gida tana sa wa masu wucewa ido. Ɗan'uwanmu Anas ya tare a sabon gidansa na unguwar Kwara Kano, can ƙarshen gari, yanzu in za mu je wurinsa sai mun yi guzuri kamar masu tafiya Tawa.

Yaya, yau da baki har kunne nake rubuto miki. Kin daɗe kina tsokanata cewa ni kaɗai ce a duniya ake ɗauka aiki don in karanta littafi daga baya. To, ki gyara zama. Aikina dai kin san shi, ko da kina nuna ba ki sani ba: fihirisa nake haɗawa, shafukan nan na ƙarshen littafi inda ake jera sunaye da batutuwa bisa abacada, kowanne da lambar shafin da za a same shi. Kwanakin baya wani gidan buga littattafai a unguwar Filato nan Yamai ya ba ni wani babban aiki. Malama Fati, wata mai bincike, ta zagaya ta ɗauki maganar tsofaffin mata ƴan kasuwa da suka zo Yamai daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, ta rubuta ta yadda suka faɗa. Kuma kin san wa ke cikinsu? Innarmu, da labarin albasarta tun daga farko.

Da na fara karatu sai na ci karo da abin da ya tsayar da ni. Matan nan ba sa faɗin sunan ƴaƴansu na fari. Har Zabarmawan da ke ciki haka suke, kunyar ɗaya ce. Wannan ta ce yaron nan, waccan ta ce babban, wata ta ce wancan na gidan. Alhali kuwa yawancin ƴaƴan farin nan su suka ɗauki kaya, suka tsare rumfa, suka yi tafiye-tafiyen. A maganar Inna, yaron nan ne ya tuƙa kamyo, babbar motar kaya, ya kawo mata albasa, yaron nan ne ya kwana a hanya da damina yana kare kayan mata da tamfal. Wasu matan kuma suna ambaton ɗan Asma'u, wato da sunan Inna, wasu direban albasa. Duk mutum ɗaya ne, Yaya Lawali, Allah ya jiƙansa, amma sunansa bai fito ko sau ɗaya ba a littafin. Na ajiye alƙalami na yi kukana. Mutumin da ya goya mu, ya kai mu lakwal karatun boko a bayan keke, ga shi littafi ya cika da aikinsa amma ba za a iya nemo shi ba.

Sai na kai wa Malam Isma'ila, shugaban gidan, shawarar a sa wa kowane ɗan fari sunansa na gaskiya a fihirisa, a tattara duk shafukan da aka yi zancensa a ƙarƙashinsa. Bai yarda ba. Da fari ya ce abin da ba ya cikin rubutu ba ya shiga fihirisa. Na ce masa in kalmomi kawai ake nema ai inji ya fi ni sauri, ni an ɗauke ni ne don in gane wa ake nufi. Sai ya kawo hujjar da ta ɗaure ni: ya ce matan nan da gangan suka riƙe sunayen, wace ce ni da zan buɗe abin da uwa ta rufe? Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba, amma gaskiya ya faɗa. Muka rabu a kan cewa duk uwar da ta amince za a sa sunan ɗanta, wadda ta ƙi a bar shi, kuma in ban gama ba kafin a kai littafin maɗaba'a, za a buga shi da sunayen garuruwa da na kaya kawai.

Haka na shiga bin gidaje a cikin zafin ranar nan, daga Bukoki zuwa bayan kasuwar Katako. Yaya, ki yi tunanin yadda za ki nemi izinin suna a wurin wadda ba za ta furta shi ba! Dabarar da na yi ita ce, in sami ƙanwarta ko ƙawarta ta faɗa mini sunan a soro, sannan in shiga in gaishe ta, in faɗe shi da bakina in tambaya ko a rubuta. Wata ta kawar da kai ta ce in yi abin da na ga ya dace, to wannan amincewa ce. Wata ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Wata tsohuwa ƴar Damagaram ta kore ni sarai, washegari kuma ta aiko a ce mini kada in manta ɗan nata Alhaji ne, a sa masa Alhajinsa. Ƙalilan ne suka ƙi, na kuwa bar musu abinsu.

Inna na bari ƙarshe, don ita na fi tsoro. Kin san tun rasuwarsa ko yaron nan ɗin ma da ƙyar take faɗa. Na same ta da hantsi tana tsince shinkafa, na yi ta kewaye-kewaye har ta ce in ina da magana in yi, in ba ni da ita in miƙo mata faifai. Da na faɗa sai hannunta ya tsaya cikin shinkafar. Can ta ce ita kunyarta a bakinta take, ba ta ce takarda ta taya ta ba. Ta ce in rubuta, kuma in haɗa da na ubansa don kada a ɗauka wani ne.

To, Yaya, littafi ya fito! Malam Isma'ila da kansa ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce daga yanzu haka za a riƙa yi wa irin waɗannan littattafai, ya kuma danƙa mini wasu biyu. Malama Fati ta sa sunana a shafin godiya. Ranar ƙaddamarwa da kin ga ƴaƴan farin nan, manyan mutane da furfurarsu, sun juya littafi ta baya suna neman kansu, da kin daina yi mini dariya. Na tsaya a gefe ina kallonsu, kaina ya yi girma, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Da na kawo shi gida, Inna ta ce in nuna mata wurin, tunda ba ta karatun boko. Na ɗora yatsanta a kan layin: Lawali Shu'aibu, ga lambobin shafuka a jere har sun sauka layi na biyu. Ta tambaya ko duk waɗannan nasa ne, na ce duka. Ta ce in karanta a fili. Na karanta. Ta ce in sake.

Ga naki kwafin na ba Yakuba direba ya taho miki da shi. Inna ta ce ki buɗe wa babban ɗanki, mai sunan, ki nuna masa wanda ya ci sunansa. Ki gaishe da Malam Mansur, da Madina, da Faisal, da shi Lawali ƙarami. Anas da iyalinsa suna gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai karanta littafi daga baya,
Ramlatu